Agogon Shiru a Ma'ajiyar Gajimare: Me Ke Sabunta Wa'adin Makulli, Me Ba Ya Sabuntawa?

Akwai wani ƙorafi da ya zama ruwan dare a tsakanin masu rubuta manhaja da ke ajiye bayanai a intanet. Bayanin da manhaja take karantawa kullum sai a wayi gari ya ɓace, kamfanin da ke riƙe da ma'ajiyar kuma ya ce wa'adinsa ne ya cika. Mai manhajar yana ganin an cuce shi, tunda abin da ake taɓawa safe da yamma ba za a kira shi yasasshe ba. Kamfanin kuma yana kan gaskiyarsa, domin abin da ƙa'idarsa ta tanada shi ya faru. Akasin haka ma yana aukuwa: bayanin da ya kamata ya gushe cikin awa guda sai ya shekara a zaune, ana ta biyan kuɗin ajiyarsa ba wanda ya lura.

Matsalolin biyu tushensu ɗaya. Ana zaton agogo ɗaya ne ke ƙirga wa bayani kwanakinsa, kuma kowane irin motsi yana mayar da ƙirgen farko. Alhali agogunan iri-iri ne, kuma kowace ma'ajiya da nata hukuncin a kan abin da ta yarda ta kira motsi.

Kalmomin da ake magana da su

Gajimare a nan ba komai ba ne illa kwamfutocin manyan kamfanoni irin su Amazon, Google, Microsoft da Cloudflare, waɗanda ke jibge a cibiyoyinsu, mutane na hayar gurbi a cikinsu ta intanet. API kuwa taƙaitaccen suna ne na ƙofar da manhaja ke bi ta aika umarni zuwa ga waccan ma'ajiyar: ajiye wannan, kawo wancan, goge wancan. Ba mutum ne ke danna maɓalli ba, manhaja ce ke magana da 'yar'uwarta.

Makulli shi ne sunan da aka laƙaba wa bayani domin a iya nemo shi. Manhajar kasuwanci, alal misali, takan ajiye kwandon sayayyar kowane mai saye a ƙarƙashin wani suna da ya ƙunshi lambarsa. Sunan shi ne makulli, kayan da ke cikin kwandon su ne bayanin. Kada a rikita shi da makullin shiga, wato lambar sirrin da manhaja ke nunawa kafin a buɗe mata ƙofa, ko da makullin ɓoye bayani. Waɗannan ma suna da nasu wa'adin: GitHub, misali, yana soke lambar shigar da aka shekara ba a yi amfani da ita ba. Amma a nan magana ce ta makullin da ke riƙe da bayani.

Sai agogunan, kuma uku ne. Na farko shi ne tsayayyen wa'adi, wanda a takardun kamfanonin ake taƙaita shi da haruffan TTL: an ce wannan makulli zai mutu nan da sakan kaza, ko ranar kaza, ko an taɓa shi ko ba a taɓa ba. Na biyu shi ne wa'adi mai sabuntuwa, wanda duk lokacin da aka yi amfani da makullin ƙirgen ke komawa farko, kamar layin wayar da ake ƙwacewa idan an daɗe ba a kira ba, ba a saka kati ba, amma kira ɗaya ya isa ya tsawaita ransa. Na uku shi ne agogon shiru, wanda aikinsa kawai rubuta tsawon lokacin da aka ɗauka ba a waiwayi makullin ba. Shi ba ya kashe komai da kansa. Ma'ajiya ce ke duba shi idan wuri ya cika tana neman wanda za ta kora, ko idan tana so ta mayar da bayani zuwa gurbi mai arha.

Yawancin masu ƙorafi agogo na biyun suke zaton suna da shi, alhali na farko aka ba su.

Dalilin da ya sa aka ƙirƙiro wa'adin

Asalin abin tsada ce. Brad Fitzpatrick ya rubuta Memcached a 2003 domin rage wa shafin LiveJournal nauyi, Salvatore Sanfilippo na Italiya kuma ya fitar da Redis a 2009. Dukansu biyu a ƙwaƙwalwar kwamfuta mai sauri suke riƙe bayani, wadda ta fi faifan ajiya tsada nesa ba kusa ba. Wurin da yake da tsada haka ba a barin tarkace a cikinsa, don haka dole a sami hanyar da abin da ya gama amfani zai fita da kansa.

Daga baya wasu dalilai suka ƙaru. Akwai tsaro: alamar da ke nuna mutum ya shiga asusunsa na banki bai kamata ta zauna har abada ba. Akwai kasuwanci: kamfanin da ke ba da gurbi kyauta ba ya son ɗaukar nauyin ayyukan da masu su suka watsar, shi ya sa Supabase ke dakatar da aikin kyauta idan ya yi mako guda ba motsi. Akwai kuma doka. Dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai, wadda ta fara aiki ranar 25 ga Mayun 2018, ta hana riƙe bayanan mutum fiye da lokacin da ake bukatarsu, kuma dokar kare bayanai ta Nijeriya ta 2023 ta zo da irin wannan sharaɗi.

Redis, inda ruɗanin ya fi yawa

Ya dace a daɗe a kan Redis, domin shi ne ke ƙarƙashin ayyukan haya da dama, irin su ElastiCache na Amazon da Memorystore na Google, kuma a cikinsa ne ake ganin agoguna biyu suna tafiya kafaɗa da kafaɗa ba tare da ɗaya ya san da ɗayan ba.

Umarnin EXPIRE shi ke ɗora wa makulli wa'adi. Idan aka sake aika shi kafin lokaci ya cika, sabon wa'adin ya maye gurbin tsohon, kuma wannan ita ce sabuntawa ta gaskiya. Umarnin GET, wanda ke karanto bayani, ba ya ƙara wa wa'adin ko sakan ɗaya. Ko sau dubu aka karanta makullin da aka ba minti 30, a minti na 30 zai tafi.

Akwai wani umarni mai suna TOUCH, kuma sunansa na yaudarar mutane da yawa. Abin da yake gyarawa shi ne lokacin da aka taɓa makullin na ƙarshe, wato agogon shiru, wanda ake iya dubawa da OBJECT IDLETIME. Amfaninsa na fitowa ne a lokacin da ƙwaƙwalwa ta cika kuma an saita Redis ya kori waɗanda aka fi daɗewa ba a taɓa ba. Amma wa'adin da EXPIRE ya ɗora yana nan yana tafiya. Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne a Memcached ma akwai umarni mai wannan suna, kuma can sabon wa'adi yake ɗorawa. Wanda ya saba da ɗaya ya koma ɗayan da tsohon saninsa zai yi asarar bayanai yana ganin ya yi daidai.

Tarko na gaba ya fi wannan ɓoyuwa. Idan aka sake rubuta bayani da umarnin SET, Redis yana share wa'adin gaba ɗaya, makullin ya zama marar ranar mutuwa. Nan ne asalin bayanan da ke taruwa har ƙwaƙwalwa ta cika. Sai a Redis 6.0, a 2020, aka ƙara zaɓin KEEPTTL domin a iya canza bayani a bar wa'adinsa yadda yake. Amma umarnan da ke gyara wani ɓangare kawai, irin su INCR da HSET, ba sa taɓa wa'adin ko kaɗan. Ke nan rubutu iri biyu ne, ɗaya yana goge agogo, ɗaya yana ƙyale shi, kuma babu wanda ke mayar da shi farko.

Shekaru da dama hanyar samun wa'adi mai sabuntuwa ita ce aika umarni biyu a jere, GET sannan EXPIRE. A 2021 Redis 6.2 ya zo da GETEX, wanda ke karantawa ya sabunta wa'adi a tashi ɗaya. A 2022 kuma Redis 7.0 ya ba EXPIRE wasu sharuɗɗa, ciki har da GT, wanda ba ya karɓar sabon wa'adi sai in ya fi na yanzu tsawo. Mai son sanin halin da makullinsa ke ciki sai ya tambaya da umarnin TTL: idan amsa ta zo -1, makullin yana nan ba shi da wa'adi, idan ta zo -2, ya riga ya tafi.

Sauran ma'ajiyoyi, kowace da al'adarta

A DynamoDB na Amazon, wanda ya sami wannan tsari a 2017, wa'adi lamba ce da mai manhaja ke rubutawa a jikin bayanin, adadin sakan tun daga farkon 1970. Sabuntawa na nufin sake rubuta wannan lamba, kuma kowane rubutu da kuɗinsa, ko da yake gogewar da ma'ajiyar ke yi idan wa'adi ya cika kyauta ce. Gogewar kuma ba nan take ba ce, takan ɗauki kwanaki, kuma a tsakanin nan bayanin da ya mutu yana iya fitowa a sakamakon bincike. Dole manhajar ta tace shi da kanta. Wanda kuma ya yi kuskure ya rubuta lambar da ma'aunin kashi ɗaya cikin dubu na sakan, kamar yadda wasu harsunan kwamfuta ke bayarwa, ya tura ranar mutuwar dubban shekaru gaba.

Cosmos DB na Microsoft yana ƙirga wa'adi ne daga lokacin da aka gyara bayani na ƙarshe. Duk wani gyara yana mayar da ƙirgen farko da kansa, karatu kuwa ba ya yi. Workers KV na Cloudflare ba shi da umarnin sabuntawa ko ɗaya: sai an sake rubuta bayanin dungurungum tare da sabon wa'adi, wanda ba ya gaza sakan 60, kuma makulli ɗaya ba ya karɓar rubutu fiye da sau ɗaya a sakan. Memcached yana da wata tsohuwar ɗabi'a da ta kayar da mutane da yawa: duk lambar da ta haura sakan 2,592,000, wato kwana 30, ba ya ɗaukarta a matsayin tsawon lokaci, yana karanta ta ne a matsayin kwanan wata. Wanda ya ba makulli kwana 60 a sakan ya ce masa ke nan ya mutu a farkon 1970, kuma nan take zai mutu.

A ma'ajiyoyin manyan fayiloli labarin ya ɗan bambanta. Ƙa'idar gogewa ta S3 na Amazon daga ranar da aka ajiye fayil take ƙirge, ba ruwanta da karatu, sai dai a kwafi fayil ɗin a kan kansa ya zama sabo. Amma tsarin Intelligent-Tiering, wanda ya fito a 2018, agogon shiru yake bi: fayil ɗin da ya yi kwana 30 ba a buɗe ba ya koma mataki mai arha, a kwana 90 ya ƙara sauka, in an buɗe shi ya dawo sama. Nan ma ba kowane motsi ake lissafawa ba. Sauke fayil motsi ne, amma leƙa bayanan da ke kansa ko jero sunayen fayiloli ba motsi ba ne. A Azure na Microsoft sai mai ma'ajiya ya kunna bibiyar lokacin karatu da hannunsa, kuma karatun farko cikin awa 24 kaɗai ake rubutawa.

Abin lura a nan shi ne a irin wannan tsari sabunta agogo asara ce. Manhajar da ke zagayawa tana buɗe kowane fayil domin ta tabbatar yana nan, ita ce ke hana shi sauka zuwa mataki mai arha.

Masu cewa a taɓa, da masu cewa a bari

Ra'ayi na farko na masu manhaja ne, musamman ƙanana da ɗalibai masu amfani da gurbin kyauta. Hujjarsu ita ce shiru ba ya nufin an watsar. Manhajar makaranta takan yi shiru lokacin hutu, ta manoma takan yi shiru da rani, kuma babu adalci a goge aikin mutum don kawai lokacinsa bai zo ba. Saboda haka sukan rubuta ƙaramar manhaja da ke tashi kullum ko duk mako ta taɓa kowane makulli. Wani abin dariya a nan: da yawa a GitHub Actions suke ɗora wannan mai tashin, shi kuwa GitHub yana kashe ayyukan da aka tsara wa lokaci a buɗaɗɗen rumbun manhaja idan rumbun ya yi kwana 60 ba motsi. Mai gadin da aka ɗauka ya hana barci shi ma yana da nasa agogon shirun.

Ra'ayi na biyu na kamfanoni ne da masana tsaro. Su a wurinsu taɓawar da inji ke yi ƙarya ce ake yi wa agogo, domin an ƙirƙire shi ne ya auna ko akwai mutum a bayan bayanin. Lokacin da Google ya sanar a watan Mayun 2023 cewa zai fara goge asusun da ya shekara biyu ba a shiga ba, daga Disambar shekarar, hujjar da ya kawo ita ce yasassun asusu sun fi saurin faɗawa hannun ɓarayi, saboda tsofaffin kalmomin sirri da rashin matakin tantancewa na biyu. A fannin alamar shiga kuwa ƙa'idojin a fili suke. Ƙa'idar PCI DSS ta masu mu'amala da katin banki ta ce a sake tantance mutum bayan shirun minti 15. Jagorar hukumar NIST ta Amurka ta 2017, a matakin tsaro na tsakiya, ta sa minti 30 na shiru, sannan ta ƙara da iyakar awa 12 ko da mutum bai daina aiki ba. Wannan iyaka ta biyu ita ce muhimmiya. Idan wa'adi yana sabuntuwa ba iyaka, ɓarawon da ya sace alamar shiga zai riƙa taɓa ta duk minti goma, ta zauna a hannunsa muddin ya ga dama.

Akwai wuri guda da babu jayayya a kan halaccin taɓawar inji. A etcd, ma'ajiyar da manhajar Kubernetes mai tafiyar da tarin kwamfutoci ke dogara da ita, ana ɗaura makulli a kan wani ɗan gajeren wa'adi, kwamfutar da ta mallake shi kuma ta riƙa aiko da saƙon sabuntawa. Ranar da saƙon ya yanke, makullin ya ɓace, sauran kwamfutoci su gane cewa waccan ta mutu. A nan taɓawar gaskiya take faɗa, domin tambayar da agogon ke yi ita ce ko injin yana raye, injin kuma shi ke amsawa.

Idan aka auna ra'ayoyin biyu, masu manhaja suna da gaskiya cewa shiru ba watsarwa ba ne, amma maganin da suka zaɓa ba shi ne magani ba. Bayanin da rasa shi zai zama musiba, kamar sakamakon jarrabawa ko lissafin bashi, bai kamata rayuwarsa ta rataya a kan wata ƙaramar manhaja da ba wanda ke duba ko ta tashi ba. Wurinsa rumbun bayanai na dindindin, tare da kwafi a wani wuri dabam. Ma'ajiya mai wa'adi ta abin da za a iya sake samarwa ce.

Abin da sabuntawa ke jawowa idan ba a yi hattara ba

Na farko kuɗi. A ma'ajiyar da sabuntawa ke nufin rubutu, makulli miliyan ɗaya da ake taɓawa kullum rubutu miliyan 30 ne a wata, kuma rubutu ya fi karatu tsada a kusan kowane jadawalin farashi. Ga wanda ke samun kuɗinsa da naira ko sefa yana biyan haya da dala, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Dabarar da aka saba ita ce kada a sabunta a kowane karatu, a jira sai rabin wa'adin ya wuce. Haka ASP.NET na Microsoft ke yi da alamar shiga.

Na biyu ya fi haɗari, domin ba ya barin alama. Inda sabuntawa ke bukatar a karanta bayani sannan a sake rubuta shi, akwai ɗan taƙi tsakanin matakan biyu. Idan a cikin wannan taƙin mai saye ya ƙara kaya a kwandonsa, manhajar sabuntawa za ta zo ta ɗora tsohon kwandon a kan sabon. Wa'adi ya tsawaita, bayani ya lalace. Maganinsa shi ne umarni mai yin aikin a tashi ɗaya irin GETEX, ko rubutu mai sharaɗi wanda ba ya shiga sai in bayanin bai canza ba. A ma'ajiya irin Workers KV, inda canji kan ɗauki kusan minti guda kafin ya isa duk cibiyoyin duniya, taƙin ya fi faɗi, kuma gara a guji wannan salo gaba ɗaya ga bayanin da ke yawan canzawa.

Na uku cunkoso. Makullan da aka sabunta a lokaci ɗaya da wa'adi iri ɗaya a lokaci ɗaya za su mutu, sai duk buƙatun su afka wa babban rumbun bayanai tare. Ana kauce wa wannan ta hanyar ƙara wa kowane makulli 'yan sakanni ko mintuna daban-daban. A Redis kuma, mai zagaya makullai da yawa ya yi amfani da SCAN, domin umarnin KEYS yana tsayar da komai har sai ya gama jero su.

Na huɗu doka. Kamfanin da ya rubuta a manufarsa cewa yana goge bayanan abokan hulɗa bayan wata shida na rashin amfani, amma yana da injin da ke taɓa su kowane dare, ya mayar da wata shidan har abada. Ko a Legas yake ko a Berlin, abin da ya faɗa wa mutane da abin da yake aikatawa sun saɓa.

Duk mai shirin dogara da wata ma'ajiya, kafin ya zuba mata bayanan jama'a, ya ajiye makulli ɗaya na gwaji mai wa'adin minti biyu. Ya karanta shi, ya duba wa'adin. Ya gyara shi, ya sake dubawa. Ya aika umarnin taɓawa in akwai, ya duba a karo na uku. Abin da ya gani shi ne ƙa'idar wannan ma'ajiyar, kuma kada ya ɗauke ta ya kai wata ma'ajiyar sai ya maimaita gwajin a can.